Yadda ake zaɓen ƙofar katako a Maraɗi, ta shiga gida da ta kabad ɗin kicin

Ƙyauren falonmu na farko, a unguwar Zariya, cikin watan Agusta aka kafa shi, saura kwana kaɗan mu tare. Ja ne, yana sheƙi, duk wanda ya zo ganin gida sai ya shafa shi ya ce masha Allah. Kafin ƙarshen Janairu, ina zaune a falo da hantsi sai ga hasken tsakar gida yana ratsowa ta cikin ƙyauren. Falankan sun ja jiki, sun bar tsaga wadda ɗan yatsan yaro zai shiga. Ƙura ta samu hanya, makulli ya daina kamawa sai an tallabe ƙofar da gwiwa. Kafintan ba mugu ba ne. An ba shi kwanaki ƙalilan, shi kuma ya sayo katakon da aka sauke daga mota a makon, ɗanye sharaf, ya fere ya haɗa ya shafe da fenti.

Tun daga lokacin na yi ƙofofi da dama, nawa da na ƴan'uwa, na kuma zauna da kafintoci ina kallon hannunsu. Abin da na fahimta shi ne a garin nan kyawun ƙofa ba ya cikin launi ko zane. Yana cikin bushewar katakon da kuma yadda aka haɗa shi. Sauran duka biyo baya suke.

Fara da tsayawa a wurin da ƙofar za ta zauna

Kafin ka je wurin mai katako, tsaya a bakin ƙofar ka duba ina ta fuskanta. Hadarin damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da iska yake zuwa, shi ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa a gidajen ƙasa. Ƙofar da ke kallon gabas za ta sha duka daga Yuni zuwa Satumba. Wadda ke kallon yamma kuma ranar la'asar ce za ta gasa ta, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Idan babu baranda ko rumfa da ta fito aƙalla mita guda a samanta, ka fara yin rumfar tukuna.

Babbar ƙofar waje, wadda ke bakin titi, shawarata a bar wa masu walda. Ƙarfe ya fi jure ruwa, rana, awaki da yara masu buga ƙwallo. Wurin katako shi ne ƙofar shiga falo, ƙofar zaure mai rufi, da ƙofofin ɗakuna. A nan ya fi ƙarfe: ba ya ɗaukar zafi ya riƙa hura shi cikin ɗaki da dare, ba ya ƙara idan an rufe, yana kuma tare hayaniya.

Duba ƙasan wurin ma. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga kwarin gulbi zuwa tudu, kuma har yau gidajen da ke gangaren gulbi sun fi na kan tudu danshi. Inda bango ke tsotsar ruwa, nan gara ke fara gaisuwa.

Bushewar katako

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin riba ko a yi asara.

Katako ko an yanke shi bai mutu gaba ɗaya ba. Yana shan danshin iska ya kumbura, yana sakinsa ya tsuke. Idan danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a tsakiyar damina, katako yakan riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. Idan danshin ya sauka zuwa kashi 20, abin da hunturu ke kawo mana kowace shekara, har ƙasa da haka, ruwan da ke cikin katakon ba ya kai kashi 5. Tsawon falanki kusan ba ya canzawa, faɗinsa ne ke motsi. Ƙyaure mai faɗin santimita 90 da aka yi da falankai manne gefe da gefe zai iya raguwa da santimita 1 zuwa 2 tsakanin Agusta da Fabrairu. Wannan ga busasshen katako ke nan. Ɗanye ya wuce haka nesa.

To mu kuma katakonmu daga kudu yake zuwa, daga dazuzzukan kudancin Najeriya, Benin, Gana ko Kwaddibuwa. Na Najeriya yakan biyo ta Kano da Katsina ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Ko da ya bushe a can, bushewar bakin teku ce, ba ta Maraɗi ba. Sai ya zauna a nan ya saba da iskarmu.

Ga yadda nake yi. Ina sayen katakon da kaina, tare da kafinta, bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba ko Nuwamba. A kai shi inuwa, ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Kada a shanya shi a rana, domin bayansa zai bushe da sauri cikinsa na ɗanye, sai ya tsattsage. A ɗora shi kan bulo, kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane falanki da na samansa a gitta ƴan sanduna masu kauri ɗaya, kowane rabin mita, a jere saitin juna. A danne saman da bulo. Bakunan falankan biyu a shafe su da ragowar fenti, saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa.

Ta yaya za ka san ya bushe? Akwai ƴar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan ruwan. Idan kafintanka yana da ita, madalla, ka nemi ƙasa da kashi 10 a lokacin rani. Idan babu, akwai hanyar da ba ta ƙarya. Yanki gutsure daga tsakiyar falanki ɗaya, ka kai wa mai shago ya ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Mayar da shi cikin tarin. Bayan mako guda a sake aunawa. Ranar da ka auna sau biyu a jere nauyin bai ragu ba, katakon ya tsaya. Falanki mai kaurin santimita 5 ka ba shi wata biyu zuwa uku na hunturu, kada ka yi masa gaggawa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai alamomin hannu kuma. Ɗanyen katako yana da sanyi idan ka dafa sabon yanka, yana da nauyin da ya wuce ƙima, garin zartonsa yana dunƙulewa a tafin hannu. Busasshe idan ka ƙwanƙwasa sai ya amsa da ƙara mai tsini, garinsa kuma watsewa yake.

Wane icce?

A wurin masu katako za ka ji ana ta cewa jan katako da farin katako, kamar iri biyu ne kawai a duniya. Kada ka tsaya nan, ka tambayi sunan iccen.

Loko, wanda ƴan kasuwa ke kira iroko, shi ne zaɓina na farko ga ƙofar shiga. Yana fitowa rawaya-rawaya, da ya sha iska sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Gara ba ta son zuciyarsa, kuma ba ya yawan motsi. Dunƙulensa mai mita guda ta kowace fuska yana kai kilo 650. Garinsa yana sa tari da ƙaiƙayi, ka tuna wa yaran shago su rufe hanci. Kawo, wanda a kudancin Najeriya ake ce wa apa, ya fi loko nauyi, wajen kilo 800, kuma yana cikin itatuwan da suka fi zama lafiya tsakanin rani da damina, sai dai tsada da wuyar aiki. Tik, wanda ake shukawa a Benin da Togo da Najeriya, yana da maiƙo a jikinsa da ke kore ruwa da ƙwari, amma wanda aka sare da ƙuruciya farin gefensa yana da yawa. Maɗaci kowa ya san shi, ja ne mai kyau idan ya sha goge, amma zarensa a murɗe yake, idan bai bushe sosai ba zai karkace maka.

Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa tun 2016, kawo da maɗaci suka bi ta a taron Panama na 2022. Ba a haramta aiki da su ba, amma fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takarda. Saboda haka idan an yi maka tayin su da arahar da ta ba ka mamaki, ka buɗe ido.

Farin katako yawanci obeche ne, wanda wasu ke kira samba ko wawa, sai afara da melaina. Obeche, a dunƙulen mita gudan nan, kilo 380 ne kawai, ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki, amma ƙwaro mai huda katako yana son sa kamar me. Ya yi daidai da ƙofar ɗaki ta ciki da za a shafe da fenti bayan an sa magani. Bai dace da ƙofar shiga ba, ko ƙusa ba ya riƙewa da ƙarfi.

Itatuwanmu na gida, gawo, kirya, bedi, giginya, kowane da aikinsa: turmi, ƙota, azara, inuwa da taki a gona. Yawancinsu ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma bayan wahalar da manoman jihar nan suka sha wajen rainon su a gonaki tun shekarun 1980, ni ban ga dalilin kayar da gawo don ƙyaure ba.

Yanzu batun algus. Ana rina farin katako da jan launi a sayar da shi a matsayin ja. Gwaji uku ne ke tona shi. Kankare gefe da wuƙa, ko ka sa a yanke ɗan baki: ja na gaskiya ja ne har ciki. Danna farce: idan ya lotsa cikin sauƙi, fari ne. Sannan ka ɗaga. Ƙyaure mai tsawon santimita 210, faɗi 90, kauri 4, idan cikakken loko ne zai doshi kilo 50, na obeche bai kai 30 ba.

Ko cikin icce mai kyau sai an zaɓi falanki. Runtse ido ɗaya ka hango gefensa daga wannan baki zuwa wancan, wanda ya yi baka ko ya murɗe ka ajiye shi. Guji mai farin gefe, domin zuciyar icce ce ke da kariya, farin da ke kusa da ɓawo abincin ƙwari ne ko a jikin loko. Guji mai ƴan ramuka kamar na allura da gari ke zubowa. Duba bakin falankin: idan layukan sun miƙe daga fuska zuwa fuska, wannan shi ne mai natsuwa, a ware shi don ginshiƙan ƙyaure. Mai ɗauke da ainihin cibiyar iccen kuwa tsagewa zai yi, ko ba daɗe ko ba jima.

Yadda aka haɗa ƙyauren

Tunda katako ba zai daina motsi ba, gwanin kafinta wuri yake bar masa. Ƙyauren da ya fi dacewa da mu shi ne mai ginshiƙai biyu a tsaye, da gicciye uku ko huɗu a kwance, sai alluna a tsakani. Allunan suna zaune ne cikin kwari da aka fafe a jikin ginshiƙan, ba gam, ba ƙusa. Da damina su kumbura a cikin kwarin, da rani su tsuke, ƙyauren bai sani ba. Kwarin ya kai zurfin santimita 1 da ɗan ɗori. Idan kana so ka gane, dafa allon da tafin hannu biyu ka girgiza a lokacin rani, za ka ji ɗan motsi. Wannan ba aibi ba ne. Wanda aka kafe da gam shi ne zai tsage ta tsakiya.

Mahaɗar ginshiƙi da gicciye ita ce ƙashin bayan ƙyaure. Dole a fafe rami a ginshiƙi, a fitar da harshe a bakin gicciye, a sa gam mai jure ruwa, a matse, a kuma soke da turken icce. Wasu suna haɗa baki da baki su buga dogayen ƙusoshi, su toshe kan ƙusar da garin katako da gam. Ranar farko ba za ka bambance ba, bayan shekara ƙyauren zai sunkuya yana sharar ƙasa. Shi ya sa nake zuwa shago ranar da za a haɗa, kafin a sa gam. Ba sai ka ɓata wa kowa rai ba. Ka ce, "Malam, don Allah ranar haɗi a kira ni, ina so in gani da idona." Kafintan kirki murna zai yi.

Ginshiƙin da makulli zai shiga kada faɗinsa ya gaza santimita 12, gicciyen ƙasa kuma ya kai 20. Kada a fafe ramin makulli daidai kan mahaɗar gicciyen tsakiya, zai cinye harshen.

Akwai ƙyaure mai rami a ciki, wanda ake kira izoplan: siririn filawud gaba da baya, tsakiya ƴan sanduna ko kwali. Ƙwanƙwasa shi za ka ji kamar ganga. Ya isa ɗakin yara ko ɗakin ajiya, amma ba ƙofar shiga ba, ba kuma banɗaki ba.

Awo, firem da ƙarafa

Awo bayan an gama shafe da karo, wato tayil, ake yinsa. Ɗauki faɗi a wuri uku, sama, tsakiya da ƙasa, tsawo a gefe biyu, ka yi aiki da mafi ƙanƙanta. Ƙofar shiga ta saba zama 210 da 90, kauri santimita 4 zuwa 4 da rabi. Idan kujerun falo manya ne ko ana shiga da babur, gara ƙyaure ɗaya da rabi a kan guda ɗaya mai faɗin da zai rinjayi hinji.

Firem na ƙarfe na fi so, gara ba ta cinsa. Idan na katako ne, ya zama loko ko kawo, a shafe bayansa da maganin gara irin su Solignum kafin ya shiga bango, ƙafafunsa kuma su tsaya kan siminti, kada a binne su. Ka tabbata magina ba su bar guntayen katakon zuba kankare a binne gindin gini ba. Su ne ke gayyato gara.

Hinji, ko pomel kamar yadda wasu ke cewa, guda uku ne mafi ƙaranci, masu tsawon santimita 10, ƙyauren kawo kuma huɗu. Da sukuru ake ɗaure su, a fara huda ƙaramin rami, a murɗa. Wanda ya buga sukuru da guduma ya kashe zarensa. Hannun makulli ya zauna wajen mita guda daga ƙasa. A ƙara sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa.

Ratar da ke tsakanin ƙyaure da firem ta danganta da watan da aka kafa. Abin da aka saba milimita 3 ne. Idan a Fabrairu ko Maris ake kafawa, katakon yana ƙarshen tsukewarsa, a bar 4 zuwa 5. Idan a Agusta ne, a matse ta, 2 ta isa. A ƙasa a bar kusan santimita 1, a kuma ɗaga dokin ƙofa kaɗan don ruwan baranda.

Ƙofofin kabad ɗin kicin

A nan uwargida ce shugaba. Ita ta san tukunyar da ta fi girma, ta san inda buhun shinkafa ke zama, ta san hannun da take buɗewa da shi idan ɗayan na riƙe da ludayi. A auno babbar tukunyar suna da turmi kafin a yanke faɗin ƙofa. Na ga kicin mai kyau da tukunyar ba ta shiga ko'ina, tana zaune a ƙasa har yau.

Yawancin kicin ɗinmu dakalin siminti ne da karo, mai tsayin santimita 85 zuwa 90, zurfi 60, sai a sa ƙofofi a gabansa. Wannan tsari yana da kyau, da sharaɗi biyu. A bar simintin ya bushe sosai kafin katako ya kusance shi. Sannan a ɗaga ƙasan kabad ɗin da santimita 10 zuwa 15, saboda a gidajenmu da bokiti ake wanke kicin, ruwa a kwara a share da tsintsiya. Ƙofar da ta sauko har ƙasa wata shida ya ishe ta.

Kayan da ake yin ƙofofin iri uku ne, kuma daga nesa duk kama suke. Na farko cikakken katako, a haɗa shi kamar ƙaramin ƙyaure, ginshiƙai da allo a tsakiya. Na biyu filawud, wanda kafintocinmu suka fi kira kwantirplake, siraran yanka ne da aka manna a gicciye da juna, shi ya sa ba ya kumbura ya tsuke kamar falanki. Yana zuwa a faɗin 122 da tsawon 244, kauri milimita 18 ne na ƙofa. Na uku garin katako ne da aka matse da gam, MDF da ɗan'uwansa mai tsakuwa-tsakuwa, an lulluɓe su da leda mai launi. Shi ya fi santsi, ya fi araha, shi ke cika hotunan da ake turowa ta WhatsApp. Amma da ruwa ya samu bakinsa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. Sukuru ma idan ya saki a jikinsa sau ɗaya, ramin ya lalace.

Ni ga yadda nake rabawa. Ƙofofin ƙasa, musamman na ƙarƙashin famfo inda ake ajiye jarkoki, filawud mai gam ɗin da ke jure ruwa ko cikakken loko. Kabad na sama, nesa da tururi, MDF zai iya zama idan an rufe bakunansa huɗu ruf. Kafin ka biya, karɓi gutsuren allon da za a yi maka aiki da shi, ka jefa a kofin ruwa ya kwana. Da safe za ka san abin da kake saye. Filawud nagari zai fito yadda ya shiga, na banza zai rabu fallen-fallen. Duba bakinsa ma, ka ƙirga layukan: da yawa kuma babu ramuka, shi ne mai kyau.

Faɗin ƙofa ɗaya kada ya wuce santimita 60, 40 zuwa 50 ya fi. Hinjin ɓoye mai kofi, wanda ake fafe wa rami mai faɗin milimita 35, shi ne mafi amfani, domin yana da sukurun saiti: idan ƙofa ta ɗan karkace, da sukundireba za ka daidaita ta. Biyu sun isa ƙofar da ba ta wuce santimita 90 a tsawo ba, doguwa ta ma'ajiyar abinci uku ko huɗu. Tsakanin ƙofa da ƙofa a bar milimita 3. Sayi hinjin da kanka, ka ɗauka a hannu ka ji nauyinsa, ka nemi wanda ba ya tsatsa. Araha ba ta ado.

Batun zane kuwa, ina roƙon mata su yi haƙuri da ni. Ƙofa mai sassaƙa da kwaruruka tana da kyau ranar jere. Amma hayaƙin man gyaɗa na suyar ƙosai da nama yana sauka a kanta, ƙurar hunturu ta zo ta manne, sai ya zama baƙin danƙo a kowane lungu, wanda sai da tsinke ake ƙwaƙulowa. Fuska sumul, tsumma ɗaya ya gama da ita. Idan ana son ado, a sa gilashi a ƙofofin sama inda kwanuka da kofuna za su fito.

Wuri biyu suna buƙatar iska. Inda ake ajiye albasa, dankali da doya, a sa wa ƙofar raga mai ƙananan idanu, iska ta shiga, ɓera da kyankyaso su tsaya waje. Sai wurin tukunyar gas. Gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka ramukan iska a ƙasan ƙofar za a yi su. Mafi alheri ma a bar wurin babu ƙofa, ko tukunyar ta zauna waje. Wannan ba abin sakaci ba ne. Haka kuma kabad na katako ba ya maƙwabtaka da murhun icce ko na gawayi.

Maganin gara da baƙin man mota da wasu ke shafawa ba sa shiga cikin kabad ɗin abinci. A bayan firem kaɗai, inda ya haɗu da bango.

Fenti

Ƙyaure fuska shida gare shi: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Masu fenti da yawa huɗu suke shafawa, su bar sama da ƙasa tunda ido ba ya kai wa. Alhali ta nan ruwa ya fi shiga. A shafe su kafin a rataye. Allunan tsakiya ma a shafa musu launi har baki kafin a haɗa, don kada farin layi ya bayyana idan sun tsuke.

A goge da sanfefa mai kaushi sannan mai laushi, shafin farko a tsinke shi sosai ya shiga jiki, a bari ya bushe, a sake gogewa a hankali, a ƙara biyu. Ƙofar da rana ke taɓawa fentin mai mai haske ya fi mata banis, domin rana tana cin banis ya riƙa ɓarewa, baƙin launi kuma zafi yake tarawa. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura ba a fenti. Da sassafe, a cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa.

Jinga da karɓar aiki

Kada ka zaɓi kafinta da abin da ke jingine a gaban shagonsa. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa ƙofa shekara uku da suka wuce. Gani ya kori ji. Ka guji ba da aiki gab da Salla ko lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa bayan kaka, hannunsa a cike yake da gadaje da kabad na amare.

A rubuta komai a takarda gaban shaida: sunan icce, kauri, awo, yawan hinji, irin makulli, shafi nawa, ranar kawowa, da jika nawa. Kuɗi kashi uku: kafin alƙalami, sai ranar haɗi, sai bayan an kafa. Kada a ba da duka tun farko, kada kuma a matse mutum har ya rasa na sayen gam nagari.

Ranar karɓa, buɗe ƙyauren rabi ka sake shi. Idan ya tafi da kansa, firem ɗin bai miƙe ba. Rufe shi, ka duba ko ya kwanta jikin firem sama da ƙasa lokaci ɗaya. Murɗa makulli da yatsu biyu, kada ya nemi a tura ko a ɗaga. Shafa hannu a saman ƙyauren ka ji ko akwai fenti. Da dare wani ya tsaya waje da tocila, kai kana ciki, ka duba ko haske na ratsowa. A kicin ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka tsuguna ka hango ko bakunansu sun yi layi ɗaya.

Damina ta farko ƙyauren zai iya ɗan cijewa a Agusta. Kada ka yi saurin kiran kafinta ya fere, abin da aka cire ba ya dawowa, kuma a Janairu za ka neme shi. Fara da ɗaure sukurun hinji, ka goga kyandir a inda yake gugar firem. Idan har ya ƙi, a shafa alli a firem a rufe, inda allin ya fito a jikin ƙyauren nan kaɗai za a rage, kaɗan, a kuma shafe wurin da fenti a ranar.